Buzun Baba a Ɗakin Suhaibu

Tudun Wada, Zariya.

Zuwa ga Yaya Kailani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya da iyali a can Fatakwal. Allah ya ƙara lafiya da buɗi. Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana zuwa Gyallesu ganin jikoki.

Yaya, maganar ɗakin zaure ce, wanda Suhaibu ɗan haya ya garƙame da kwaɗo ya ɓace wata takwas ba sallama. Ka ce in fasa in watsar da tarkacensa a bola. Ban yi ba, kuma ba don tausayi ba, don kada in ba shi bakin kai mu kotu ne. Na manna sanarwa a ƙofar ta yi wata guda, sannan na kira mai unguwa da shaidu biyu, aka buɗe a gabansu aka rubuta komai har cokali.

Ka tuna buzun marigayi Baba da ya ɓace daga igiyar shanya? Inna ta tambayi Suhaibu, ya rantse bai gani ba, har ya ce mata tsufa ya fara taɓa mata ƙwaƙwalwa. Kwana uku tana kuka tana zargin kanta. To, mun same shi shimfiɗe a ƙarƙashin rishonsa, duk manja da kananzir. Fatar da Baba ya shekara talatin yana salla a kai, Yaya. Wallahi har yau ban yafe ba.

Amma rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A cikin akwatinsa akwai takardun shaidar karatunsa na asali. Shekaranjiya sai ga wayarsa, murya kamar ta maraya, wai ya samu aiki a Kaduna, ranar Litinin za a tantance su, in tura masa a mota. Na ce kayansa na nan ko allura ba ta ɓata ba, amma a gaban shaidu aka karɓa, a gabansu za a mayar. Sharaɗina shi ne ya zo da ƙafarsa bayan sallar Juma'a, lokacin da layinmu ya cika, ya wanke buzun nan da hannunsa, ya durƙusa ya miƙa wa Inna ya faɗa mata ƙwaƙwalwarta lafiya lau. Ya ce in rufa masa asiri. Na tambaye shi wa ya rufa wa Inna nata.

Kada ka kira ni da maganar haƙuri. Na riga na sayi sabulu, bokitin ma yana zaure yana jiransa.

Ka gaida Anti Rauda da su Hanifa da Ashraf. Inna na sa maka albarka.

Ƙanwarka,
Hajo