Za Su Tura Rahila Chadi

Baban Rahila,

Ina gaishe ka, duk da na san babu mai kai maka wannan takarda. To wa zan faɗa wa? Tun da ka tafi na rasa mai jure surutuna.

Gida lafiya. Ɗakinmu na Samaru har yanzu yana yoyo a wurin nan da ka yi ta cewa gobe za ka gyara. Ina nan ina dafa wa ɗalibai shinkafa, suna yi mini Turanci kamar ina ganewa.

Zancen 'yarka ne ya hana ni sakat. Ka tuna ranar da ta yi alkawarin zama Sista, mai hidimar coci da ba ta aure, kana ta washe baki, ni ina share hawaye? To yanzu za su tura ta Chadi, wani ƙauye inda mutanen da yaƙi ya koro suke zaune babu asibiti. Ran Lahadi za a yi mata Mas, wato addu'ar sallama, a cocinmu na Sabon Gari. Iyaye ne ke ɗora wa 'yarsu hannu a ka su sa albarka, sannan Fada, limamin cocin, ya rataya mata gicciye. Kai ka zame, ka bar ni ni kaɗai.

Shekaranjiya na haɗu da babbar Sistarsu a wani shago a PZ, ina saya wa Rahila akwati. Cikin hira ta ce mini al'adarsu ce, duk inda Sista ta mutu a bakin aiki nan ake binne ta, cikin mutanen da ta yi wa hidima. Tana faɗa tana murmushi, wai ita albishir take yi mini. Wallahi sai da mai shago ya ba ni kujera na zauna.

Haba Bulus! Mu da ko a Legas mutum ya mutu sai an kai shi gida? Kai kanka abokan aikinka na Chikaji ne suka cika mota suka raka ka har ƙauye. Gefenka akwai wurina. Ita fa?

Ka san kabarin nan na bayan coci, na Sista Birijit, Baturiyar da ta karɓi haihuwar Rahila? Shekara da shekaru ina wuce shi, ban taɓa tunanin tana da uwa ba. Wace mata ce ta ɗora mata hannu can ƙasarsu? Ta taɓa ganin inda 'yarta ta kwanta kuwa?

Ban taɓa gaya maka ba, amma ni bangaskiyata ba ta kai taka ba, a jikinka nake jingina. Tsoro nake ji. Ina tsoron ran Lahadi hannuna ya ƙi ɗaguwa a gaban jama'a, yarinyar nan ta gane, ta tafi da nauyi a zuciya. Ita kuwa waƙa take rerawa tana ninke kaya, halinka sak.

Jiya na kasa zama. Na ɗauki tsintsiya na je kabarin Sista Birijit, na share, na cire ciyawa, na wanke gicciyen. Zan riƙa zuwa kowace Asabar muddin ƙafata na kai ni. Wataƙila a Chadi ma akwai wata mace mai tsintsiya.

Ran Lahadi ka tsaya kusa da ni, ka tallafe mini gwiwar hannu.

Ka huta lafiya.

Matarka,
Saratu