Na Ɗauka Yarima Ne

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya yara, ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, takaici ya ishe ni. Matar ogan maigidana, wata Baturiya da ke unguwar Irving Park a nan ƙasar Turawa, ta ba ni tsohuwar fitilar kakarta, wai daga Italiya. Mutum-mutumin wani baƙin saurayi ne mai rawani da riga mai ruwan zinariya, ya ɗauko ƙwan fitila a ka. Kin san ni da littattafan soyayya. Nan take na ce yarima ne, na ajiye shi inda nake karatu.

Jiya maƙwabciyarmu Anti Zuwaira ta dube shi ta ce, "Ke Amarya, wane yarima kika taɓa gani a durƙushe, ba takalmi, da ƙarfe a wuya? Bawa ne. Da mu suke ƙawata falo." Wallahi ko abinci kasa ci na yi.

Na ce a fitar da shi. Maigida ya ce matar za ta zo cin abinci ranar Asabar, in ba ta gan shi ba, ƙarin girman da yake jira zai iya lalacewa. Mun yi ta musu. Na yarda ya kai Asabar, amma na cire ƙwan. Ba zai haska mana tuwo a durƙushe ba. In ta tambaya, ni zan amsa.

Ki taya ni addu'a kada bakina ya ja mana. Ki gaida Inna da su Ummi.

Ƙanwarki,
Fa'iza