Koren Shayin Bazawara

Baban Chiyo,

Na tafi gona tsinkar ganyen shayi, ban tashe ka ba. Bazawarar nan Kuroda ta sake kawo koren shayinta, wai yana narkar da kitse. Har da cewa, "Ki ba maigidan, ya ce shayina ya fi ƙamshi." A ƙofar gidana! Tun aurenmu nake dafa maka na gonarmu, ko sau ɗaya ba ka yaba ba.

Likita ya ce jininka ya yi ƙasa, shayi kuma yana hana maganin aiki. Ka sha ƙwayarka da ruwa, shayi sai da rana.

Na mayar mata da gwangwaninta. In lafiyarka ta dame ta haka, ranar Alhamis ta raka ka asibiti.

Fumie