Bargon Ƙyallen Uwani

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Gaisuwa da ladabi daga ɗiyarki Hajo, tare da roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a inda kike. Damina biyu ke nan da muka rabu. Mutanen gida nan Wurno duk lafiya, gero ya yi, albasar fadama ma ta fara kai. Bayan haka, Inna, akwai maganar da ta tsaya mini a wuya, kuma ban ga wanda zan faɗa wa ba sai ke. Ki yi haƙuri, maganar ba ta da daɗin ji. Amma dole in faɗa miki.

Kin tuna kwandon ƙyallayenki da ke rataye bayan ƙofa. Duk wanda rigarsa ta mutu a gidanmu, sai kin yanke inda ya rage da ƙwari kin ajiye. Har maɗinkan kasuwa kin saba da su, ki aika musu ƙuli-ƙuli, su aiko miki da guntayen da almakashi ya bari. In kin gama aikin rana sai ki zauna gindin darbejiya, ki haɗa ƙyalle huɗu-huɗu su zama gida ɗaya kamar tafin hannu biyu, ki jera gidajen a tabarma kamar fangalin albasa, ki yi ta canza musu wuri har sai idonki ya gamsu. Mata suna yi miki tsiya wai kin rasa aikin yi. Amma babu jikan da aka haifa a gidanmu bai kwana cikin bargonki ba, kuma masu tsiyar nan su ne ke zuwa roƙo in 'ya'yansu sun haihu.

Na taɓa ɗaukar wani ƙyalle zan goge fitila, kika fizge shi daga hannuna kika ce, “Kak ki ɓata shi, ɗiyata, wanga hannun rigab babanku na.” Tun ranar ban ƙara taɓa kwandon ba sai da izininki.

Na ƙarshen da kika ɗinka, na cikin da nake ɗauke da shi ne. Lokacin ciwo ya riga ya ci ƙarfinki, ni nake zura miki zare a allura. Kin sa saƙin rigar Baba wadda yake zuwa Juma'a da ita, kin sa bunun zanen kakarmu, kin sa jan gefen zanen aurena, kika shimfiɗa tsohon gwado a tsakiya don ɗumi. Kin gama shi da kwana tara Allah Ya karɓe ki. Mace na haifa, aka sa mata sunanki, muna kiranta Uwani. A cikin bargon nan ta yi arba'in, a cikinsa ta koyi zama.

To, bara da kaka wani Bature ya zo rangadi, ya sauka a bariki da matarsa. Aka ce matar tana son shiga gidaje ta ga aikin hannun mata. Ɗanki Yaya Ummaru, da kika bari yana rubutu a gidan hakimi, shi ya yi ruwa ya yi tsaki sai an kawo ta gidanmu. Tun da safe ya sa aka share tsakar gida har sau biyu, aka ɗaure awaki, ya sa rigarsa mai aska ya cika mu da turare.

Ta shigo da doguwar hula da takalmi mai ƙwas-ƙwas. Ta duba mazari, ta duba faifai, ba ta daɗe ba. Sai idonta ya kai kan igiya inda na shanya bargon Uwani. Ta tsaya, ta shafa, ta juya bayansa, ta yi wata magana tana murmushi. Tafinta ya ce tana cewa abin ya yi kyau. Iyakarta ke nan, Inna, ba zan yi mata ƙarya ba, ba ta ce a ba ta ba. Amma kin san al'adarmu, babban baƙo in ya yaba abu sai a ce nasa ne. Kafin in ɗaga kai Yaya Ummaru ya janye bargon daga igiya, ya ninke, ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu, yana washe haƙora kamar wanda aka yi wa naɗi.

Ni kuma ina tsaye da goyo ina kallo. Kunya ta rufe mini baki a gaban baƙi. Wannan kunyar ma yanzu haushinta nake ji.

Da suka tafi na sami Yaya Ummaru a zaure ina kuka. Abin da ya ce da ni, “To mi kika so in yi? Baƙuwa ta yabi abu gidanmu, sai in ƙyale? Tsumma na hwa, Hajo.” Tsumma, Inna! Shi da aka naɗe ɗiyansa uku a cikin irinsa. Tukuicin da ya samu gwangwanin biskit ne, babu ko biskit ɗin a ciki. Yana nan ya zuba takardu, duk wanda ya shigo zaure sai ya buɗe ya rufe don a tambaye shi inda ya samo. Tir da wannan hali.

Na lallashi kaina da cewa wataƙila matar tana da ɗa a ƙasarsu, wani yaro zai ji ɗuminsa. Da haka na yi wata guda, har Gwaggo Tumba ƙanwarki ta zo daga Goronyo. Kin san tana kai gyaɗa bariki in baƙi sun sauka, kuma can Baturen ya wuce daga nan. Ko ruwa ba ta sha ba ta riƙe hannuna ta ce, “Wallahi da idona nig gani. Karyassu ta haihu bisa nai.”

Sai da na sa ta maimaita. Karyar da suke yawo da ita a mota, wadda ake yi wa wanka da sabulu, ita aka shimfiɗa wa bargonki a ƙofar bariki. A kan rigar Juma'ar Baba ta zubar da abin da ta zubar, a kan zanen kakarmu 'yan kwikwiyo suka yi ta tsotso suna kashi. Na fita bayan ɗaki na yi amai. Kwana biyu ko fura ba ta wuce mini ba.

Ashe da matar ta ce ya yi kyau, kyan shimfiɗar kare ta gani. Ina jin ƙyamarta, amma ita baƙuwa ce, ba ta san rigar wa ta taka ba. Wanda ya sani shi ne ya durƙusa ya miƙa. Har yau in ya shigo gaishe ni, ba na iya duban hannunsa.

Da Turawan suka tashi daga Goronyo, a juji suka yar da bargon bayan bariki. Gwaggo ta ɗago shi da sanda, ta sa a tsohon buhu, ta biyo masu jakai ta kawo mini. Ba zan kwatanta miki warin ba. Gashi ya manne ko'ina, jini ya bushe ya yi baƙi, ƙudaje sun rako shi har ƙofar gida.

Na kai shi gulbi na wanke sau bakwai da toka da sabulun salo, har fatar yatsuna ta saɓule. Na shanya, na turara. Maigidana ya tambayi malamin unguwa, ya ce ya tsarkaka, ko salla a yi a kansa. Gwaggo ta shinshina ta ce babu komai. Amma duk lokacin da na ɗauko zan lulluɓa wa Uwani, sai hannuna ya tsaya. Ni ina jin warin. Na ce a cikin ɗinkin ya maƙale, inda ruwa bai kai ba.

Sai na ɗauki aska na zauna, na bi ɗinkin ɗaya bayan ɗaya na farke. Na raba gida da gida, ƙyalle da ƙyalle. Gwadon tsakiya na binne shi. Ƙyallayen na tafasa su a tukunya. Guntayen zaren da na tsinke suka taru cike da tafin hannuna, na dube su, na watsa a murhu. Ranar na ji sanyi a raina, na ce na rabu da ƙazanta.

Wata biyu na yi ina mayar da shi. Kowane ƙyalle ya koma gidansa, ban ɓatar da ko ɗaya ba. Ranar da na gama na shimfiɗa a tabarma, Gwaggo ta tsuguna tana bin layin da yatsa, can ta ce, “Ɗunkinki ya miƙe, Hajo. Na yayata karkace yaka yi, don da hagu taka riƙon allura.”

Sai a lokacin na gane abin da na yi. Saƙin na Baba ne, bunun na kaka ne, jan nawa ne. Naki a cikin bargon nan zaren ne, wanda kika kaɗa da kanki, da ɗinkin da kika yi hannunki yana rawa. Karyar ba ta cire shi ba, juji bai cire shi ba, gulbi ma ya bar shi. Ni na cire shi da aska, na ƙone.

Uwani tana kwana a cikinsa yanzu, kuma ba ya wari. In ta girma ta tambaye ni ko kakarta ce ta ɗinka mata, ban san abin da zan ce ba.

Ki yafe mini, Innata. Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki, Ya lulluɓe ki da rahamarSa. Allah Ya sassauta zuciyata a kan ɗan'uwana, don har yanzu ban iya ba. Amin.

Ɗiyarki mai kewarki,
Hajo