Sirdin Mummo

Kemijärvi, watan Satumba

Zuwa ga Yayana Oiva,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Sirkka da garken barewar ƙanƙara da kuke kiwo. Ya gwiwar nan taka? Na san ba ka je asibiti ba, kada ma ka fara yi mini ƙarya.

Yaya, gara ka ji daga bakina: an sauke mijina. Masu hannun jari sun zauna a Helsinki suka ce kamfanin baburan ƙanƙara yana bukatar sabon jini. Armas da ya shiga masana'antar nan yana shara har ya zama shugabanta, shi aka sallama da furanni! Sun kawo wata, Madam Rosenlund. Ba zan ɗauki alhakinta ba, tana da fara'a, ga aiki kamar inji. Amma tana zuwa ta tara ma'aikata ta ce baburan gudu na 'yan yawon buɗe ido da masu lantarki su ne a gaba. Mummo, babur ɗinku na kiwo, daga bana an daina ƙera ta. Wai ba ta da kasuwa.

Armas dai abu ɗaya yake so, tsohon sirdin nan na fata. Wanda yake ɗaura wa sabuwar Mummo duk shekara, ya hau zuwa shingen barewarku da saukar ƙanƙarar fari, ku cika masa ciki da gahawa da cuku, ku zage babur ɗin tas, sannan duk wanda ya yarda da gyaran bana ya zaro wuƙa ya yanka irin tsagar shaidar da yake yi wa kunnen barewarsa a jikin fatar. Tsagar Baba tana nan gefen hagu, ta shekarar da ya ba shi aurena.

Na ce masa, "Haba tsoho, je ka ɗauko abinka mana!" Ya ce kayan kamfani ne, sai in an ba shi. Wannan taurin kai zai kashe ni.

Ka gaida Sirkka.

Ƙanwarka,
Helmi

Watan Oktoba

Yaya Oiva,

Ina fatan kun tara barewa lafiya, sanyi bai taɓa ku ba. Naman da ka aiko ya iso, Allah ya saka.

Ka ce kun dafa gahawa kuna ta duban hanya. Ku yi haƙuri, ba wanda zai zo. Madam ta ce bana ta waya za a ji ra'ayinku, lokacinta na taron masu saye daga waje ne. Ranar da ƙanƙara ta sauka, Armas ya sa rigar sanyinsa da takalmansa tun da safe, ya zauna bakin taga. Har azahar yana nan. Na shige kicin na yi kukana.

Ba tare da saninsa ba na je ofis. Matar nan ta tarbe ni hannu bibbiyu. Na ce sirdin kawai muke roƙo. Ta yi murmushi ta ce, "Kada ki damu, har da babur za mu ba shi. Mummo ta ƙarshe tasa ce, ranar walimar ban kwana." Ban tsaya dogon bayani ba. Wa bai san sirdin nan ba a garin nan?

Na dawo kamar in yi rawa a hanya. Kada ka gaya masa.

Taka,
Helmi

Watan Nuwamba

Yayana,

Ina gaisuwa. Lafiyar jiki dai muna da ita.

An yi walimar. Aka yaye mayafi, ga Mummo tana sheƙi, ga sirdin a kanta. Yaya, sumul yake. Sabuwar fata, ko ƙwarzane babu. Madam ta ce cikin jin daɗi, "Na tarar da shi duk a yayyanke, abin kunya ne mu ba ka haka. Na aika da shi birnin Tampere aka sake masa fata." Wani cikin tsofaffin makanikai ya tambaya ina tsohuwar. Ta buga waya nan take, aka ce an zubar tuni.

Sai a sannan aka raɗa mata abin da tsagogin suke nufi, na ga fuskarta ta canza. Armas ya miƙa mata hannu ya ce, "Na gode, aiki ya yi kyau." Wallahi da ya yi ihu da ya fi mini sauƙi.

Yanzu babur ɗin yana rumfa, bai tayar da shi ba. Kullum zai fita ya tsaya yana shafa gefen hagu na sirdin da tafin hannu. Jiya na bi shi na ce zan kira ka, ai ka san tsagar Baba, ka sake yanka ta. Ya ce, "Oiva zai iya yankawa, Helmi. Amma waccan Baba ne da hannunsa ya ce ya yarda da ni."

Duk da haka ka zo, don Allah. Ka bar wuƙar a gida. Ka zo da tulun gahawarka, ka zagar masa babur ɗin nan kamar yadda kuka saba, ko ya tanka maka.

Ƙanwarka mai jiranka,
Helmi