Mma, Baba Bai Gane Awudu Ba

Assalamu alaikum Mma,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ce 'yarki Rahinatu. Shekara biyu da rasuwarki ban iya rubuta miki ba, sai yau da abu ya cushe mini.

Ɗanki Awudu ya dawo daga Italiya bayan shekara tara. Da ya shigo gida a Aboabo, Baba ya tarbe shi da fara'ar da yake wa kowane baƙo. Awudu bai lura da komai ba. Ni na lura, amma na ɓoye masa.

Ranar Lahadi bayan azahar ya kwashe mu zuwa wani ɗan gidan abincin Italiyawa a cikin gari, wai mu ɗanɗana abin da yake ci a can. Wurin tsaf, teburi shida kawai, ƙanshin tafarnuwa ko'ina. Ya tabbatar babu alade a girkin kafin ya sa aka kawo taliya da fiza. Baba ya ture cokali, ya wanke hannu, ya tambaya ko suna da shito, soyayyen yajin nan namu. Muka yi dariya, Mma, har da ni.

Ana cikin ci Baba ya dubi Awudu, ya yi masa godiya, ya tambaye shi ɗan gidan wa ne. Awudu ya ɗauka wasa ne, ya ce shi mutumin Italiya ne. Sai Baba ya riƙe masa hannu.

"Ina da ɗa a can, Awudu. In ka koma ka ce ya zo, uwarsa ba lafiya."

Awudu ya tashi ya fita. Na same shi a bakin titi, ya tambaye ni tun yaushe Baba ya fara wannan mantuwa. Na ce tun bayan sadakar arba'in ɗinki. Ya tuna mini duk lokutan da ya bugo waya na ce Baba yana masallaci ko yana barci. Ban musa ba.

Ke kika saba cewa, "Kada ku tayar wa na nesa da hankali." Na bi maganarki lokacin jinyarki, har kika tafi bai gan ki ba. Na sake bin ta a kan Baba. Yanzu ban sani ba, Mma, ko tausayinsa na ji, ko zaluntarsa na yi.

Kwana huɗu ke nan bai yi mini magana ba. Amma kullum da safe yana zuwa ya zauna da Baba a kan benci, Baba na ba shi labarin cinikin shanu, yana ce masa baƙo. Hutun Awudu ya kusa ƙarewa.

Allah Ya haskaka kabarinki, Mma. Allah Ya buɗe wa Baba ido ya kira ɗansa da sunansa ko sau ɗaya kafin ya koma, Ya sa yayana ya yafe mini.

Taki har abada,
Rahinatu