Babur ɗin Baban Umaima da gwangwanin jet

Anti Azumi, don Allah ki taimake ni da shawara, zuciyata ta ƙi kwanciya. Mijina, Baban Umaima, ya rasu wata uku ke nan, ina cikin takaba. Ya bar mana babur mai dogayen ƙafafu, irin na shiga daji, da shi yake zuwa gonarmu a bayan dutsen Zuma. Hanyar duk rami ce da jar ƙura. Shi da kansa ya cire filtar iska ta kamfani ya sa wata ta soso, ya canza wani ɗan ƙarfe a kafireta da suke ce wa jet. Yana da gwangwanin mentileta cike da irinsu, ƙanana masu ruwan zinariya, kowanne da lamba. Yanzu gwangwanin yana ƙarƙashin matashina.

Da aka yi arba'in na rasa abin da zan yi da hannuna, sai na bi kayansa ina wankewa. Har babur ɗin na goge. Na ciro soson nan, na same shi baƙi ƙirin, duk maiƙo, na ji kunya a ce kayansa ne haka. Na wanke shi da omo sau uku, na murɗe shi da kyau, ya bushe fes, na mayar.

Ƙaninsa Taufiq ne ke zuwa gonar da shi yanzu. Bayan sati biyu sai ya ce babur yana zafi, yana tari, ba ya hawa tudu. Ya kai shi Gauraka wajen Obadiya bakanike, abokin marigayin. Wai Obadiya ya ga yashi a kafireta, wai soso ya yage, sai an canza filta, kuma in aiko da gwangwanin nan a zaɓi jet. Anti, babur ɗin da shekara shida bai taɓa tari ba, sai da mai shi ya kwanta dama? Maƙwabciyata ta ce haka suke yi, su ce abu ya lalace, a sayar musu da arha. Kuma me ya sa sai gwangwanin? Wa ya gaya wa Obadiya yana wurina?

Obadiya ya zo jana'iza, na ji an ce har kuka ya yi. Amma ni yanzu ba na yarda da kowa. Ina so in kai ƙararsu wajen kawun mijina a karɓo babur ɗin. In na yi, na san ni da Taufiq mun ɓata ke nan, ga dawa ta kusa girbi, ba mai ɗauko ta sai shi. In na yi shiru kuma, za a cire abin da mijina ya sa da hannunsa.

Maman Umaima, Suleja

*

Maman Umaima, Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ki haƙuri. Kada ki je wajen kawu tukuna.

Na kai wasiƙarki wurin wani tsohon bakanike, bai gama ji ba ya tsayar da ni a kan wankin soson. Maiƙon da kika gani ba datti ba ne kawai. Irin wannan soso da gangan ake shafa masa mai, man ne ke kama ƙura. In ya bushe, ƙura za ta wuce cikin inji, iska kuma ta yi wa fetur yawa, sai zafi da tari. Murɗewa kuma tana yaga shi. Duk abin da Obadiya ya faɗa ya yi daidai da wannan. Ban faɗa don ki zargi kanki ba. Ƙauna ce ta sa ki, kuma ba wanda ya taɓa gaya miki.

Jet ɗin tagulla ne, ba zinariya ba, ba su da wata tsada. Mai yiwuwa shi da mijinki tare suka saye su, shi ya sa Obadiya ya san da gwangwanin.

Amma tsoronki ba shirme ba ne, ana cutar matan da aka mutu aka bari. Don haka ki ce a kawo babur ɗin ƙofar gida a yi aikin, duk abin da aka cire a miƙo miki. Zaɓi biyu ne. In an koma filtar takarda irin ta kamfani, dole a mayar da ƙaramin jet irin wanda babur ɗin ya zo da shi. In an sa sabon soso irin na da, aka shafa masa mai, jet ɗin mijinki na iya zama a inda yake. Ga hanyar gonarku soson ya fi, muddin Taufiq zai riƙa wanke shi yana sa masa mai. Bayan kwana biyu a ciro fulogin inji ki duba launin bakinsa da idonki: ruwan ƙasa lafiya ke nan, fari fetur ya yi kaɗan, baƙi ya yi yawa.

Abu ɗaya ya rage, shi ne mai wuya. Ki gaya wa Taufiq ke kika wanke soson. Da alama shi ma yana can yana tunanin shi ya lalata babur ɗin yayansa.

Allah ya fitar da ke takaba lafiya, ya kawo dawar gida.

Anti Azumi